Wa ya zana hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma me ya haɗa Wallace Harrison da Trygve Lie?

Wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine ya rubuto yana cewa: "Malam, a aji an ce mana Le Corbusier ne ya zana hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, amma na ga wani wuri an rubuta Wallace Harrison, wani Ba'amurke da ban taɓa jin sunansa ba. Wanne ne daidai? Kuma me ya haɗa shi da Trygve Lie, mutumin Norway, da nake ganin ana jera sunayensu tare?"

Ɗan'uwa, abin da aka faɗa maka a aji yana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabin zance ne. Siffar da kake gani a hoto, dogon bene siriri mai gilashi da zauren taro kwance a gefensa, ta samo asali ne daga zanen mutum biyu, Le Corbusier da Oscar Niemeyer ɗan Birazil. Amma wanda ya riƙe aikin tun daga neman fili har aka miƙa makulli shi ne Wallace Harrison. Wanda kuma ya ɗora shi a kan aikin, ya nemo kuɗin, ya aza harsashin da hannunsa, shi ne Trygve Lie, Babban Sakataren Majalisar na farko. A ganina an rage wa mutanen nan biyu mudu a tarihi, kuma dalilin ɗaya ne. Baiwarsu ita ce haɗa kan masu taurin kai, irin baiwar da ba a cika tafa wa ba. Ita ce ta tsayar da ginin, ita ce kuma ta jawo wa kowannensu abin da ake zarginsa da shi har yau. Sai ka yi haƙuri, amsar za ta yi tsawo.

Bari in fara da Lie. An haife shi ranar 16 ga Yuli 1896 a Oslo, lokacin ana kiran birnin Kristiania. Mahaifinsa kafinta ne, ya tafi Amurka yaron yana ƙarami, bai sake waiwayar gida ba. Mahaifiyarsa ce ta rene shi da ɗan abin da take samu a gidan saukar baƙi da sayar da abinci a unguwar Grorud. Ya shiga jam'iyyar Leba a 1911, ya gama karatun lauya a 1919, daga 1922 zuwa 1935 kuma shi ne lauyan babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar. Shekara 13 ke nan yana zama tsakanin masu masana'antu da ma'aikatan da ke barazanar yajin aiki, yana lalubo inda kowane ɓangare zai iya sassautawa ba tare da ya ji kunya ba.

A 1935 ya zama ministan shari'a a gwamnatin Johan Nygaardsvold. Akwai abu ɗaya daga wannan zamanin da nake so ka riƙe, domin za ka sake ganin irinsa a gaba. Gwamnatinsu ta ba Leon Trotsky, jigon juyin juya halin Rasha kuma abokin hamayyar Stalin, mafaka a wannan shekarar, bayan Stalin ya kore shi daga Tarayyar Sobiyet. Da aka fara shari'o'in Mosko, inda Stalin ya gurfanar da abokan hamayyarsa, a Agustan 1936, Sobiyet ta matsa lamba, sai Lie ya sa aka yi wa Trotsky ɗaurin talala, aka hana shi kare kansa a bainar jama'a, a watan Disamba kuma aka ɗora shi a jirgin ruwan dakon mai zuwa Meksiko. Haka halinsa yake: idan babbar ƙasa ta matsa, yakan auna ƙarfinta, ya rusuna.

Amma a wani wurin ya nuna jarumta. Ranar 9 ga Afrilu 1940 Jamus ta mamaye Norway, lokacin yana ministan samar da kayayyaki. Norway ƙaramar ƙasa ce, amma rundunar jiragen ruwanta na dakon kaya tana cikin mafi girma a duniya, jirage kusan 1,000 warwatse a tekuna. Lie na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa jiragen nan su nufi tasoshin ƙawayen Ingila, kada su koma gida su faɗa hannun Jamusawa. Kuɗin haya da suka riƙa samarwa ne ya riƙe gwamnatin gudun hijira a Landan har aka gama yaƙin, kuma a can Lie ya zama ministan harkokin waje. Shi ya jagoranci wakilan ƙasarsa zuwa taron San Francisco na 1945, ya shugabanci hukumar da ta tsara sassan kundin Majalisar da suka shafi Kwamitin Sulhu.

Yadda ya samu kujerar Babban Sakatare ma labarin sasanci ne. A Janairun 1946, a zaman farko a Landan, Sobiyet ta tsayar da shi takarar shugabancin Babban Taro, ya sha kaye a hannun Paul-Henri Spaak na Beljiyam da ƙuri'a 28 da 23. Da aka zo kan Babban Sakatare, ƙasashen Yamma sun fi son Lester Pearson na Kanada, Sobiyet ta ce ba za a kai hedikwata Amurka ta Arewa a kuma ɗauko shugaba daga can ba. Sai aka daidaita a kan Lie, aka zaɓe shi ranar 1 ga Fabrairu 1946. Ya karɓi ƙungiya marar gida, marar ma'aikata, marar al'adar aiki. Sun fara raɓewa a kwalejin Hunter a unguwar Bronx, daga nan suka koma wata masana'antar kayan yaƙi a Lake Success, Babban Taro kuma yana zama a Flushing Meadow a wani gini da ya rage daga baje kolin duniya na 1939.

Harrison bai girmi Lie da shekara guda ba. An haife shi ranar 28 ga Satumba 1895 a Worcester, jihar Massachusetts. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya kama aikin masinja a ofishin wani ɗan kwangilar gini, wato ya san siminti da ƙarfe da lissafin kuɗin aiki kafin ya san littafi. A 1916 ya shiga New York ya samu aikin zane a kamfanin McKim, Mead & White, ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Farko, sannan ya je Paris ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Beaux-Arts. A 1926 ya auri Ellen Milton, wadda ɗan'uwanta yake auren 'yar hamshaƙin attajiri John D. Rockefeller ƙarami. Ba sai an ɓoye ba, wannan surukuta ta buɗe masa ƙofofi. Yana cikin ayarin masu zanen da suka tsara Cibiyar Rockefeller a shekarun 1930 tare da Raymond Hood, a can ya ƙulla abota da Nelson Rockefeller, ɗan John D. Rockefeller ƙarami, wadda ta ɗore har mutuwa. Shi da abokin aikinsa André Fouilhoux ne suka zana doguwar hasumiya mai tsini da ƙatuwar farar ƙwallo da suka zama tambarin baje kolin 1939. Abin da ya koya a Cibiyar Rockefeller shi ne yadda ake zama da manyan masu zane a ɗaki ɗaya, kowa da girman kansa, a kuma fito da gini guda a kan lokaci.

Inda hanyoyinsu suka haɗu shi ne maganar fili. An riga an yanke cewa hedikwata a Amurka za ta kasance, amma a wane gari? An duba yankin Greenwich a Connecticut, mazauna wurin suka ce ba sa so. San Francisco da Boston da Philadelphia duk suna zawarci, kuma a farkon Disamban 1946 Philadelphia ta kusa yin nasara. Lie kuwa New York yake so. A daidai lokacin wani dillalin filaye, William Zeckendorf, ya tattara filaye a gabar Kogin Gabas tsakanin titi na 42 da na 48, unguwar mayanka, inda ake sauke shanu da tumaki daga jiragen ruwa, wari ya hana masu hali zama kusa. Niyyarsa ya rushe mayankar ya gina wani sabon gari na benaye, kuma mai zana masa shi ne Harrison.

Daren 10 ga Disamba 1946, ana saura 'yan awoyi kwamitin zaɓen mazaunin hedikwata ya yanke hukunci, John D. Rockefeller ƙarami ya gaya wa ɗansa Nelson cewa zai saya wa Majalisar wannan fili idan mai shi ya yarda. Harrison ya naɗe taswirar unguwar ya nufi gidan rawa na Monte Carlo, inda Zeckendorf yake tsakiyar walima. A kan tebur aka shimfiɗa taswirar, Zeckendorf ya zagaye filayen da alƙalami, ya rubuta farashi, dala miliyan 8.5, ya sa hannu a jikin taswirar. Ranar 14 ga Disamba Babban Taro ya karɓi kyautar. Fili ne da bai wuce eka 18 ba, ƙanƙane ƙwarai idan aka kwatanta da faffaɗan yankin da aka fara mafarkin samu a bayan gari. Ƙarancin filin ne ya tilasta a yi sama. Duk wanda ya gaya maka cewa dogon benen ya fito ne daga tunanin mutum ɗaya kawai ya manta da wannan.

A Janairun 1947 Lie ya naɗa Harrison daraktan tsara ginin. An yi ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe: surukin masu ba da kyauta ne, kuma mai zanen wanda ya sayar da filin. Amma Lie yana neman mutumin da ya san yadda ake tayar da dogon bene a Manhattan, ya san hukumomin birni, ya san 'yan kwangila da ƙungiyoyin magina. Muhimmin abin da suka yanke shi ne ba za a yi gasa ba. Sun ga abin da ya faru da Ƙungiyar Ƙasashe, wadda ta gabaci wannan Majalisar. A 1927 ta kira gasar zana fadarta a Geneva, zane 377 suka shigo, alƙalai suka kasa tsayar da gwani, suka raba matsayi na ɗaya ga mutum 9, aka yi ta jan ƙafa har ginin bai kammala ba sai gab da yaƙi na biyu. Le Corbusier yana cikin waɗannan 9, kuma an ajiye zanensa gefe da hujjar cewa ba da irin tawadar da aka shar'anta aka yi shi ba. Da wannan tabo na shekara 20 ya iso New York.

Maimakon gasa aka kafa kwamitin masu zane 10 daga ƙasashe 10: Le Corbusier daga Faransa, Niemeyer daga Birazil, Sven Markelius daga Suwidin, Liang Sicheng daga Sin, Nikolai Bassov daga Sobiyet, Howard Robertson daga Birtaniya, Ernest Cormier daga Kanada, Gaston Brunfaut daga Beljiyam, G. A. Soilleux daga Ostiraliya, da Julio Vilamajó daga Uruguay. Daga Fabrairu zuwa Yunin 1947 suka yi zama 45 a hawa na 27 na wani bene a Cibiyar Rockefeller, suka duba tsare-tsare kusan 50, kowane da lambarsa maimakon sunan mai shi.

Biyu ne suka yi fice. Na Le Corbusier shi ne lamba 23: dogon benen ofisoshi, sannan ƙaton gini guda a tsakiyar fili wanda ya haɗa zauren Babban Taro da zaurukan kwamitoci. Na Niemeyer shi ne lamba 32. Niemeyer shi ne ƙaraminsu, yana da shekara 39, ya taɓa aiki da Le Corbusier a ginin ma'aikatar ilimi a Rio de Janeiro, yana ganin girmansa, har da farko ya yi nauyin fitar da nasa zanen sai da Harrison ya matsa masa. Da ya fitar, sai ya raba zauren Babban Taro da na kwamitoci, ya tura na kwamitoci bakin kogi, ya bar babban dandali a buɗe. Yawancin kwamiti suka karkata ga nasa. Le Corbusier ya same shi ya roƙe shi a dawo da zauren taro tsakiya, Niemeyer ya yarda saboda kara, suka gabatar da haɗin gwiwa da aka sa wa lamba 23-32. Daga wannan haɗin aka gina abin da ke tsaye a yau.

Daga nan kwamiti ya watse, aiki ya koma ofishin Harrison da abokinsa Max Abramovitz. Le Corbusier ya so a bar masa ginin, ba a bar masa ba, ya shafe shekaru yana cewa an sace masa aiki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: shawarar ba ta Harrison kaɗai ba ce, amma shi ya sha zagin. Ni dai ban yarda da maganar sata ba. Tunanin siririn bene mai fuska biyu na gilashi nasa ne tun shekarun baya, wannan ba a ja. Amma tsakanin zane a takarda da bene mai hawa 39, tsayin mita 154, faɗin kusan mita 87 da kauri mita 22, akwai dubban shawarwari na ƙarfe da lif da bututun iska da gudun gobara, kuma bai taɓa gina irin wannan ba a lokacin.

Sai dai akwai wurin da nake tare da shi ɗari bisa ɗari, kuma kai da za ka yi zane a ƙasa mai zafi ya kamata ka lura. Manyan fuskokin benen biyu suna kallon gabas da yamma ne, ƙananan ɓangarorin kudu da arewa kuma aka rufe su da farin dutsen marmara daga jihar Vermont. Wato ranar hantsi tana dukan fuska ɗaya, ranar la'asar tana dukan ɗayar. Le Corbusier ya nace a sa wa tagogin rumfunan kare rana daga waje. Harrison ya ƙi, yana cewa ƙanƙara za ta taru a kansu da hunturu ta riƙa faɗowa, ga kuma ƙarin kuɗi. Ya zaɓi koren gilashi mai shanye zafi da na'urar sanyaya ɗaki. Hujjarsa tana da ƙarfi a New York, amma ma'aikatan da ke gefen taga sun sha zafi, aka yi ta sauke labule, kuma a babban gyaran da aka fara a 2008 sai da aka sauya gilashin bangon gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne wannan bene ya zama abin koyi, aka riƙa kwafarsa a garuruwan da ba su taɓa ganin ƙanƙara ba, inda rumfar kare rana ce maganin.

Kuɗi kuwa aikin Lie ne. Ranar 26 ga Yuni 1947 ya sa hannu da sakataren harkokin wajen Amurka George Marshall a kan yarjejeniyar da ta ba harabar kariya ta musamman. An fara ƙiyasta aikin a kan dala miliyan 85, aka datse shi zuwa miliyan 65, Amurka ta ba da su rance ba ruwa a 1948, Majalisar ta gama biya a 1982. Datsewar ta fi shafar zauren Babban Taro, wanda aka rage masa girma. Ƙubbar da ke kansa ma ba ta cikin tsarin kwamiti. Labarin da ake bayarwa shi ne wakilin Amurka a Majalisar, Warren Austin, ya ce 'yan majalisar dokokin ƙasarsa sun fi sakin kuɗi idan suka ga ƙubba a kan gini, Harrison kuma ya ɗora ta. Ranar 24 ga Oktoba 1949 Lie ya aza harsashi, Shugaba Truman yana wurin. Ma'aikata suka fara tarewa a benen a Agustan 1950, Babban Taro ya yi zamansa na farko a sabon zaure a Oktoban 1952, lokacin membobi 60 ne, yau kuwa 193.

Idan ka shiga ciki za ka ga hannun Lie ƙarara. Ƙasashen Arewacin Turai uku ne suka ƙawata zaurukan kwamitoci uku, kuma mafi daraja, na Kwamitin Sulhu, ya faɗa hannun Norway. Arnstein Arneberg ya tsara shi, Per Krohg ya yi babban zanen bangon da kake gani bayan teburin mai siffar kofaton doki duk lokacin da aka nuna zaman kwamitin a talabijin. Suwidin ta yi na Kwamitin Tattalin Arziki da Zamantakewa, inda Markelius ya bar bututan silin a fili a wani sashe. Denmark ta yi na Kwamitin Riƙon Amana ta hannun Finn Juhl. Wannan na ƙarshen yana da alaƙa da mu kai tsaye, domin shi ne kwamitin da ya riƙa sa ido a kan Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙe da ita, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 yankin ya zaɓi Nijeriya, ya zama lardin Sardauna. A zauren Babban Taron nan ne kuma aka karɓi Nijar ranar 20 ga Satumba 1960, aka karɓi Nijeriya ranar 7 ga Oktoba a matsayin ƙasa ta 99, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya ya yi jawabi.

Abin tausayi, ginin yana tashi mai ginin yana faɗuwa. Lie ya ɗauki muƙaminsa da muhimmanci fiye da yadda manyan ƙasashe suka so. Sun yi zaton babban akawu suka ɗauka, shi kuwa ya karanta sashe na 99 na kundin, wanda ya ba Babban Sakatare damar jawo hankalin Kwamitin Sulhu ga duk abin da ke barazana ga zaman lafiya, ya ce wannan muƙamin siyasa ne. A rikicin Iran na 1946 ya ba da ra'ayin shari'a da ya ɓata wa Amurka rai. A 1950 ya goyi bayan a ba gwamnatin Beijing kujerar Sin, ya sake ɓata mata rai. A zamaninsa aka tura masu sa ido na soja na farko zuwa Falasɗinu a 1948, aka kashe mai shiga tsakani Folke Bernadotte a Ƙudus, Ralph Bunche ya gaje shi. Ya goyi bayan shirin raba Falasɗinu da ƙarfinsa, abin da ƙasashen Larabawa ba su yafe masa ba, kuma ni ma ina ganin a nan ya bar kujerar mai raba faɗa ya shiga ɓangare.

Koriya ce ta karya shi. Ranar 25 ga Yuni 1950 sojojin Arewa suka tsallaka Kudu, a lokacin Sobiyet tana ƙaurace wa Kwamitin Sulhu saboda maganar kujerar Sin. Lie ya tsaya a gaban kwamitin a ranar ya ce wajibi ne a ɗauki mataki. Sobiyet ba ta manta ba. Da wa'adinsa ya zo ƙarewa ta hau kujerar na-ƙi, Amurka ta ce ita ma za ta hau a kan duk wanda ba shi ba, sai Babban Taro ya tsawaita masa da shekara 3 ranar 1 ga Nuwamba 1950, da ƙuri'a 46 da 5, ƙasashe 8 suka ƙaurace. Daga nan ƙasashen gurguzu suka daina kula shi, ko wasiƙa ba sa sa sunansa.

Gaba kura, baya sayaki. A daidai wannan lokacin Amurka tana cikin zazzaɓin farautar 'yan gurguzu na zamanin Sanata McCarthy, aka juyo kan Amurkawan da ke aiki a Majalisar. A nan ne nake ganin Lie ya yi babban kuskurensa. Sashe na 100 na kundin ya ce ma'aikacin Majalisar ba ya karɓar umarni daga kowace gwamnati, kuma kowace ƙasa ta yi alƙawarin mutunta hakan. Amma tun 1949 ya amince a asirce ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta riƙa ba shi bayani a kan 'yan ƙasarta. A 1952 da kwamitin majalisar dattawa ya kira wasu ma'aikata, suka ƙi amsa tambaya bisa 'yancin da tsarin mulkin Amurka ya ba kowa na kada a tilasta masa ba da shaida a kan kansa, Lie ya sallame su. A farkon 1953 ya bar jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, suka shiga cikin sabon ginin suna ɗaukar zanen yatsun ma'aikata. Ka tuna da Trotsky. Kotun ma'aikata ta Majalisar ta yanke daga baya cewa a biya wasu daga cikin korarrun diyya, Kotun Duniya kuma ta tabbatar a 1954 cewa dole a biya.

Ranar 10 ga Nuwamba 1952, ba a yi wata guda da shiga sabon zaure ba, ya sanar da murabus. Kwana 3 bayan haka babban lauyan Majalisar, Abraham Feller, na hannun damansa, wanda matsin binciken ya gajiyar, ya faɗo daga tagar gidansa ya mutu. A Afrilun 1953 Lie ya tarbi magajinsa Dag Hammarskjöld na Suwidin a filin jirgin sama, ya gaya masa cewa zai karɓi aikin da ya fi kowane aiki wuyar yiwuwa a doron ƙasa. Hammarskjöld ya fitar da FBI daga ginin a cikin shekarar, ya ɗaukaka muƙamin, ya kuma mutu a bakin aiki a 1961, sunansa ya rufe na Lie. Amma ƙofar da ya bi ya yi siyasa da muƙamin, Lie ne ya fara tura ta. Lie ya koma gida ya yi gwamnan Oslo da Akershus daga 1955 zuwa 1963, ya sake riƙe ministan masana'antu, sannan na ciniki, ya mutu ranar 30 ga Disamba 1968 a Geilo.

Harrison ya daɗe bayansa yana aiki, tauraruwarsa tana haskawa. Ofishinsa ya yi benen kamfanin Alcoa a Pittsburgh a 1953, wanda aka lulluɓe da alminiyam, ya yi babban ginin matafiya na filin jirgin LaGuardia, ya kuma jagoranci tsara Cibiyar Lincoln, inda ya zana gidan waƙa na Metropolitan Opera mai bakuna 5 a gaba da kujeru kusan 3,800, aka buɗe shi ranar 16 ga Satumba 1966. Ya yi wa wannan gini zane fiye da 40, kowane sabo ya fi na baya ladabi, domin masu kuɗin aikin suna ta datsewa shi kuma yana ta yarda. Waɗanda suka ga zanukan farko sun san abin da aka rasa. A 1967 ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta ba shi lambarta ta zinariya.

Aikinsa na ƙarshe mai girma shi ne wanda na fi jin nauyinsa. Nelson Rockefeller ya zama gwamnan jihar New York a 1959, ya ƙudiri gina sabuwar cibiyar gwamnati a Albany, ya kira tsohon amininsa. Aka rushe unguwanni masu eka 98, dubban talakawa suka rasa matsuguni, kamar yadda dubban iyalai baƙar fata da 'yan Puerto Rico suka rasa nasu a unguwar San Juan Hill don a gina Cibiyar Lincoln. Aka jera benayen marmara a kan wani ƙaton dandamali da ya raba tsakiyar gari biyu, aka kashe kusan dala biliyan 2. A Majalisar Ɗinkin Duniya akwai mutum 10 da ke ja da juna, Harrison yana tace maganarsu. A Albany murya ɗaya ce, ta gwamna, kuma babu alamar cewa ya taka masa birki. Kamfaninsa da Abramovitz ya rabu a 1976, ya mutu ranar 2 ga Disamba 1981 a New York.

Idan kana so ka san abin da mutumin zai iya yi in an bar shi da kansa, nemi zanen cocin Presbyterian da ya gina a Stamford, jihar Connecticut, a 1958, wadda mutane ke kira cocin kifi saboda siffarta. Ba ginshiƙi a tsakiya, bango da rufi sun zama abu ɗaya, allunan kankare ne da aka ƙera tun a ƙasa aka jingina su da juna, aka dasa musu gutsattsarin gilashi mai kauri masu launi fiye da 20,000 daga ma'aikatar mai sana'ar gilashi Gabriel Loire a Chartres ta Faransa. Ka ɗauki zanen yankakken gefen ginin ka bi yadda nauyi yake sauka daga ƙololuwa zuwa harsashi, sannan ka ajiye shi kusa da zanen bangon gilashin benen Majalisar ka kwatanta yadda kowanne ya bi da rana.